Takalmin keke mai taurin tafi: tambayoyi da amsoshi ga mai tunanin sayen na tsada

Wanda ya daɗe yana tuƙa keken tsere ko na motsa jiki, wata rana sai wannan shawara ta taso masa. Takalmin da ke ƙafarsa bai lalace ba, amma ga wani can mai tafin kabon, ba nauyi, ana ta zuzuta shi, kuɗinsa kuma ya ninka na wanda yake sawa sau biyu ko uku. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawan fitowa daga bakin masu wannan tunani.

1. Me ake nufi da takalmi mai taurin tafi?

Ɗauki takalmin gudu, ka riƙe dunduniya da hannu ɗaya, wajen yatsu da ɗaya hannun, ka lanƙwasa. Zai naɗe maka ba gardama, domin an yi shi ne ya bi ƙafa yayin da take taka ƙasa. Yi wa takalmin keke haka, za ka ji ya ƙi. Ƙasansa faranti ne guda, daga dunduniya har yatsu, kuma a jikinsa ake ɗaura kilit, wato ɗan maƙalin nan da ke shiga cikin feda ya kulle.

Farantin iri uku ne a taƙaice. Akwai na nailan zalla, shi ne mafi araha, kuma yana ɗan ba da kai idan ka matsa masa. Akwai na nailan da aka cakuɗa da zaren gilashi ko gutsattsarin zaren kabon, wanda shi ne a yawancin takalman tsaka-tsaki. Sai na kabon zalla, siriri, mara nauyi, wanda ko ka dafa gwiwa a kansa da ƙyar ya motsa. Idan aka ce takalmi na manya ko na ƙwararru, wannan na ukun ake nufi.

2. Me ya sa ake neman tauri tun farko?

Saboda feda ƙarama ce, ƙafa kuwa babba. Duk ƙarfin da cinya ta turo yana sauka ne a kan ɗan wurin da bai kai tafin hannu ba. Idan ƙasan takalmi mai laushi ne, sai ya lanƙwashe a gefen fedar, ƙafa ta riƙa jin bakin ƙarfen, ƙananan jijiyoyin tafin ƙafa kuma su yi ta aikin riƙe ta a miƙe. Faranti mai tauri yana baza wannan nauyi a kan tafin gaba ɗaya. Mai juya feda sau 90 a minti ɗaya, a awa guda kowace ƙafa ta taka sau 5,400, don haka ɗan abin da ba a ji a takun farko, a awa ta uku ya zama magana.

Masu tseren da ma sun san haka. Takalmansu na fata ne mai kauri, wasu har da tafin katako, ana ɗaure su a feda da keji da ɗamara. A 1984 kamfanin Look na Faransa, wanda ya ƙware a maƙalan takalmin zamiya kan ƙanƙara, ya fito da feda mai kullewa da kanta, Bernard Hinault kuma ya ci gasar Tour de France ta 1985 da ita. A 1990 Shimano ya kawo tsarin SPD mai ƙaramin kilit na ƙarfe. Da wurin haɗuwar ƙafa da feda ya ƙara ƙanƙanta, sai aikin riƙe ƙafar ya koma kan takalmi kacokan.

3. Na tsadar zai ƙara mini gudu?

Idan daga takalmin keke na tsaka-tsaki za ka tashi, kada ka sa rai. Wannan ita ce tambayar da kowa yake zuwa da ita, kuma an auna ta. A Jami'ar Colorado da ke Boulder a Amurka, a ɗakin binciken Rodger Kram, an kwatanta takalmin gudu a kan feda shimfiɗaɗɗiya da takalmin keke mai tauri a kan feda mai kullewa. A sakamakon da aka buga a 2016, yayin tuƙi a natse a zaune, ba a ga bambanci a iskar da jiki ke sha ba, wato kuzarin da mutum ke ƙonawa ɗaya ne. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ɗan lanƙwasar da tafi ke yi kaɗan ne ƙwarai idan aka gwada shi da faɗin da'irar da feda ke yi, ƙarfin da ke ɓacewa a nan bai taka kara ya karya ba.

Inda labari ya sauya shi ne gudun fizga, lokacin da mutum ya tashi daga sirdi ya zuba duk abin da yake da shi na 'yan daƙiƙu. A nan, binciken da suka buga a 2020 ya nuna takalmin keke mai kullewa ya fi takalmin gudu da sama da kashi 10 cikin ɗari na ƙarfi. Amma lura da abin da aka kwatanta: takalmin keke da wanda ba na keke ba. Da suka dawo suka gwada takalman keke masu taurin da ya bambanta a tsakaninsu, a gajeren gudun fizga, ba su sami bambancin da za a kama ba.

Ke nan babban tsallen yana tsakanin takalmi mai laushi da kowane takalmin keke na kirki. Daga na kirki zuwa na ƙoli, idan akwai riba a gudu, ta yi ƙanƙantar da na'urar awo ma ba ta cika ganinta ba.

4. To me ya sa waɗanda suka saya suke rantsuwa sun ji bambanci?

Ba ƙarya suke yi ba, sun ji. Sai dai abin da suka ji ba lalle ne ƙarin ƙarfi ya kasance ba. Sabon takalmi yana riƙe dunduniya gam, ƙafa ba ta zamewa a ciki, yawanci kuma an ɗaura masa sabon kilit wanda ba ya girgiɗi a cikin feda kamar tsohon da ya cinye. Duk wannan yana sa mutum ya ji shi da keken sun zama abu ɗaya. Ga kuma zuciya: wanda ya kashe kuɗi mai yawa, ranar farko yakan taka da dukan ƙarfinsa.

Jin daɗin nan ba abin rainawa ba ne. Wanda yake jin daɗin tuƙi ya fi yawan fita, wanda ya fi yawan fita kuwa shi ne zai ƙara gudu. Amma a kira abin da sunansa. Duba tambaya ta 6 ka ga ainihin abin da kuɗin ke sayowa.

5. Lambobin tauri da ake rubutawa a jikin kwali fa?

Kowane kamfani da ma'auninsa. Na Shimano yana tsayawa a 12, na Bontrager a 14, na Specialized a 15, kuma babu wata hukuma da ta daidaita su. Takalmi mai 15 na wannan kamfani bai zama ya fi mai 12 na wancan tauri ba. Lambar tana da amfani ne kawai wajen kwatanta takalma biyu na kamfani ɗaya.

6. Idan ba gudu ba, me kuɗin ke saye?

Da farko maɗauri. Takalma masu araha sukan zo da ɗamara mai mannewa, ko maɓallin murɗawa guda ɗaya da ke jan waya ɗaya daga sama har ƙasa. Na tsada sukan zo da maɓalli biyu, yawanci na BOA, kamfanin da ya fara a 2001 da takalman wasan allon ƙanƙara kafin ya shigo harkar keke. Amfanin biyun shi ne ka ɗaure wajen idon sawu da ƙarfi, ka bar wajen yatsu sakwa-sakwa. A wasu nau'o'in kana iya sassautawa ƙyas ɗaya, ƙyas biyu, kana cikin tafiya, ba tare da ka saki duka ba. A ganina wannan ya fi tafin kabon amfani ga mai doguwar tafiya, domin ƙafa tana kumbura, ɗaurin da ya yi daidai da safe ya matse da rana.

Sai saman takalmin: ƙyalle mai laushi da ba ya miƙewa, ɗinki kaɗan ko babu, kafofin shan iska, da kofin dunduniya da aka gina da kyau. Sai kaurin tafi, domin kabon yana samun taurinsa da siranta, ƙafa ta ƙara kusantar sandar feda da 'yan milimita. Wasu kamfanoni, irin su Bont da Lake, suna yin takalman da ake ɗumamawa a gyara su daidai da ƙafar mai su. Wasu kuma, Sidi ya yi suna a nan, suna sayar da kayan gyara ɗaya-ɗaya, daga robar dunduniya har maɗauri.

Nauyi shi ne abin da ake yawan talla da shi, shi ne kuma mafi ƙarancin tasiri. Bambancin bai cika wuce giram 100 a kowace ƙafa ba. Mutum da kekensa idan sun kai kilo 80, ragin giram 200 kashi ɗaya ne cikin ɗari huɗu. Ruwan da ke cikin gorar keke ya fi haka nauyi.

7. Ƙafata tana zafi ko ta yi minjirya bayan awa ɗaya. Na kabon zai magance?

Wani lokaci, amma ba shi ne abin fara gwadawa ba. Zafin nan da ke tashi a tudun bayan yatsu, kamar an ɗora garwashi, yawanci matsi ne a kan jijiyoyin da ke bi tsakanin ƙasusuwan ƙafa. Abubuwan da suka fi jawo shi su ne takalmi mai ƙunci a gaba, ɗauri da ya yi yawa, safa mai kauri, kilit da aka tura gaba sosai, ko shimfiɗar ciki da ba ta tallafe kwarin tafin ƙafa ba. Takalman tsere na ƙoli da yawa an yanka su siriri ne, saboda haka mai faffaɗar ƙafa yana iya sayen na tsada ya ƙara wa kansa ciwo.

Bi su ɗaya bayan ɗaya, daga wanda ba ya cin ko sisi. Sassauta maɗaurin gaba. Sa safa mara kauri. Mayar da kilit baya da milimita 3 zuwa 5, ka tuƙa na 'yan kwanaki ka ji. Idan bai yi ba, canza shimfiɗar ciki da mai tudu a kwarin ƙafa da ɗan ƙullutu a bayan tudun yatsu, wanda ke buɗe ƙasusuwan. Inda taurin tafi ke taimakawa da gaske shi ne idan kana jin shacin kilit ɗin kansa yana tokarinka ta cikin takalmi, abin da ya fi faruwa da ƙaramin kilit na SPD a ƙarƙashin tafin nailan mai laushi.

Idan minjiryar ba ta saki bayan ka sauka daga keke, ko tana zuwa ko ba ka tuƙi, wannan ya wuce maganar takalmi, a ga likita.

8. Tauri yana iya yin yawa?

Yana iya. Tafin da ba ya ba da kai ko kaɗan ba ya yafe kuskure: idan surarsa ba ta yi daidai da ta ƙafarka ba, ƙafar ce za ta bi shi, shi ba zai bi ta ba. Yana kuma miƙo girgizar hanya kai tsaye, wanda a kan kwalta mai santsi ba komai ba ne, amma a kan tsakuwa na awa biyar jiki zai gaya maka. Shi ya sa takalman tafiyar tsakuwa da na yawon nesa da yawa ake barinsu da ɗan sassauci da gangan.

Sai maganar tafiya a ƙasa. Takalmin titi mai tafin kabon da babban kilit a waje, yatsu sama dunduniya ƙasa, mutum yana ɗingishi, a kan tayil kuwa santsi ne tsagwaronsa. Mai hawan keken duwatsu da zai sauka ya tura a hayi, ko mai zuwa aiki da zai hau bene, tauri na ƙoli wahala zai ƙara masa. A tseren gangara daga tsauni ma, Sam Hill ɗan Ostareliya ya ci kambun duniya a 2006 da 2007 da 2010 a kan feda shimfiɗaɗɗiya, ba kulle.

9. Ta yaya zan san takalmi ya dace da ƙafata?

Gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da irin safar da kake tuƙi da ita. Auna ƙafafun biyu kana tsaye, tsawo da faɗi, ka bi babbar. Lambar takalmi ba ta da tabbas tsakanin kamfanoni, 43 na wannan yana iya zama 44 na wancan, don haka awon milimita da jadawalin kamfanin su ne abin dogaro. Wata dabara mai sauƙi: zaro shimfiɗar ciki ka ajiye a ƙasa, ka taka ta da nauyinka. Idan gefen ƙafarka, wajen ƙaramin yatsa, ya zubo waje da ita sosai, takalmin ya yi maka ƙunci, komai kyansa.

Bayan ka ɗaura, tashi a kan yatsu. Dunduniya kada ta fito. Yatsu kuma su iya motsi, da ɗan fili a gabansu, ba sai ya kai na takalmin gudu ba tunda ƙafa ba ta zamewa gaba a kan feda. Kada ka yarda da cewa zai buɗe idan an sa shi. Ƙyallen takalman zamani an yi shi ne don kada ya miƙe, abin da ya matse ka yau zai matse ka baɗi. Kada kuma ka ƙara lamba don neman faɗi, domin hakan yana tura ramukan kilit gaba da inda ya kamata (duba tambaya ta 7). Nemi mai faɗi tun asali. Shimano da Lake da Sidi duk suna yin su.

10. Sabon takalmin zai shiga fedar da nake da ita?

Juya shi ka ƙirga ramuka. Rami uku kamar duwatsun murhu na fedar titi ne, irin su Look Keo da Shimano SPD-SL. Rami biyu gefe da gefe a cikin kwarmi na SPD ne da ire-irensa, na keken duwatsu da tsakuwa da kekunan motsa jiki na cikin ɗaki da yawa. Speedplay rami huɗu yake so, amma yana zuwa da farantin da ke hawa kan mai uku. Wasu takalma masu araha suna ɗaukar biyu da uku duka, na ƙoli kuwa kusan kullum tsari ɗaya suke ɗauka. Kilit tare da feda yake zuwa, ba tare da takalmi ba, kuma na Look ba ya aiki a fedar Shimano ko da sun yi kama a ido.

11. Na canza takalmi, gwiwata ta fara ciwo. Me ya faru?

Kusan kullum ɗayan abu biyu ne. Ko dai kilit bai zauna inda tsohon yake ba, ko tsayin sirdi ya sauya ba ka taɓa shi ba. Na biyun yana ba mutane mamaki: idan sabon tafin ya fi tsohon siranta da milimita 3, ƙafarka ta sauka da milimita 3, kamar ka ɗaga sirdin ne. Sauke shi daidai da haka.

Kafin ka kwance tsohon kilit, sa tsohon takalmin, ka laluba ƙashin da ke tushen babban yatsa, ka manna ɗan tef a wurin ta waje. Yi haka a sabon, sannan ka kwatanta nisan tsakiyar kilit daga alamar. Kwanar da kilit ya kalla ita ma a kwafe ta, domin mai tafiya yatsu a waje haka ƙafarsa za ta so zama a feda. Duba launin kilit ɗin kuma, shi ke nuna yawan wasan da dunduniya za ta samu: a Shimano SPD-SL rawaya digiri 6 ne, shuɗi 2, ja babu, a Look Keo ja 9 ne, toka-toka 4.5, baƙi babu. Mai gwiwa mai ƙorafi ya nisanci wanda ba shi da wasa. Shafa ɗan giris a sukurorin, ka ɗaure daidai da abin da kamfanin ya rubuta, ka sake duba su bayan fita ta farko, don sukan saki.

12. Wa ya kamata ya saya, wa ya kamata ya haƙura?

Mai tsere, musamman wanda gasarsa ke ƙarewa da gudun fizga ko mai tsere a zagayayyen filin keke, yana da hujja: yana buƙatar dunduniyar da ba ta motsi a lokacin da yake fizgar feda sama da ƙasa. Mai nauyin jiki da ƙarfi, wanda yake jin tafin nailan yana murɗewa a ƙarƙashinsa, shi ma haka. Sai mai shafe awanni da yawa kowane mako a kan sirdi, wanda ya gwada na tsadar ya tarar shi ne ya zauna masa daram. Wannan na ƙarshe shi ne dalili mafi ƙarfi a cikinsu duka, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wanda ya fara tuƙi bana, mai fita awa ɗaya ko biyu a ƙarshen mako, mai zuwa aiki da keke, da mai keken cikin ɗaki, takalmi na tsaka-tsaki mai tafin nailan da kabon ya ishe su har ya yi saura. Haka ma wanda takalminsa na yanzu ba ya yi masa ciwo ko'ina. Samun takalmin da ƙafa ta yarda da shi ba ƙaramin abu ba ne, kada a yar da shi don kwali mai lamba babba.

13. Idan gudu nake nema, ina ya fi in sa kuɗin?

Taya mai kyau da iska daidai gwargwado tana rage jan hanya ta yadda za a iya aunawa, abin da ba a iya nunawa ba ga takalmi (tambaya ta 3). Riga mai kama jiki tana rage dukan iska, wanda shi ne babban abin da ke cinye ƙarfin mai gudu a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Kaca mai tsabta da mai ba ta cin komai. Zama da ƙwararren mai daidaita keke da jiki, ya gyara sirdi da hannu da kilit, ya fi sabon takalmi magance ciwo. Idan kuma ƙafa ce matsalar, shimfiɗar ciki mai kyau a cikin tsohon takalmi tana iya gama aikin.

14. Na tsada ya fi daɗewa? Na hannu fa?

Tafin kabon ba ya laushi da shekaru, amma yana kojewa idan ana taka tsakuwa da shi, kuma bugu mai ƙarfi yana iya tsaga shi. Abin da ke fara mutuwa a takalmin keke shi ne robar dunduniya, rufin cikin dunduniya, da maɗauri. Mai robar da ake kwancewa da sukuru a canza ta ya fi wanda aka manne tasa daɗewa, BOA kuma yana ba da garantin maɓalli da wayarsa. Sai dai na ƙoli mafi rashin nauyi ƙyallensa siriri ne, faɗuwa ɗaya tana iya yaga shi, don haka tsada ba ta nufin ƙarko kai tsaye. Idan ya jiƙe, zaro shimfiɗar, cusa takarda, ka bar shi ya bushe a inuwa. Wuta ko na'urar ɗumama ɗaki tana sakin gam, tana kuma ɓata surar wanda ake gyarawa da zafi.

Na hannu yana iya zama dama, tunda da yawa masu sayarwa kuskuren lamba suka yi. Duba tafin a haske ko akwai tsaga, musamman kewaye da ramukan kilit. Ɗaura sukuru a kowane rami ka tabbata zaren bai cinye ba kuma farantin ciki bai yi tsatsa ya kafe ba. Sa yatsa cikin dunduniya ka ji ko rufin ya huje, ka murɗa kowane maɓalli har ƙarshe ka sake shi, sannan ka yi gwajin shimfiɗar ciki da aka bayyana a tambaya ta 9 kafin ka biya.